Zaren Likkafanin Iya

Ban taɓa sa kayan makaranta ba sai da na shiga sakandare. Firamare ɗina kaf a zauren gidanmu na yi ta, a Limancin Kona cikin birnin Zariya, kuma malamina mahaifina ne. Baba tsohon malamin makaranta ne da ya ƙare aikinsa a ofishin ilimi. A farkon shekarun tamanin, lokacin da makarantar da yayana yake zuwa ta koma yau a buɗe gobe a rufe, wata rana sai ga Baba ya shigo da wani faffaɗan katako. Ya shafe shi da baƙin fenti, ya jingina shi a bangon zaure na biyu, ya ce daga ranar Litinin makaranta ta dawo gida. Ɗalibai biyu ne, ni da yayana. Ƙararrawa kuwa tsohon faranti ne da cokali.

Mutanen unguwa sun yi ta magana, wasu su ce Malam ya raina makarantar kowa, wasu su ce gwaji yake yi da 'ya'yansa. Baba ko a jikinsa. Bayan asuba mu yi karatun Alƙur'ani, in rana ta ɗan ɗaga ya buga faranti mu zauna a tabarma mu yi Hausa da Turanci da lissafi. Umma, mahaifiyarmu, ita ke da mu daga azahar. Yanzu na san karatu muka samu na gaske, amma a lokacin wallahi haushi nake ji. Kullum da safe sai na leƙa ta ƙofar zaure na ga yara suna wucewa cikin fari da shuɗi, suna ture juna suna dariya, ni kuwa ga ni da zanen gida, abokin karatuna ɗaya tal, shi ma ba ya magana sai an matsa masa. Ni ce mai bakin gidan. Umma takan ce bakina ba shi da linzami, kuma ba ƙarya ta yi mini ba.

In damina ta ɗauke aka fara girbi, makarantar tamu takan tashi gaba ɗaya ta koma ƙauyen su Umma, can bayan Ƙofar Gayan. Baba ya ɗaure allon a saman tsohuwar motarsa, mu yi wata uku a gidan kakarmu, mahaifiyar Umma, wadda kowa yake kira Iya. A can aikin gida shi ne rabin karatun. Da sassafe in share tsakar gida, in saki awaki, in bi Umma rijiya. Yayana ya bi kawunnanmu gona. Baba yakan ba mu igiya mu auna cikin rumbu mu faɗi dami nawa zai ci, ko ya sa mu zana ganyen kowace bishiya da ke bayan gida mu rubuta sunanta da amfaninta. A jadawalin da yake rubutawa a gefen allo kuwa, bayan hantsi, akwai darasi guda da ba shi yake koyarwa ba. Kaɗi ne, kuma malamar Iya ce.

Tsakanin Baba da Iya akwai kunya irin ta suruki da suruka. Tun daga nesa yake cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ta kansa a ƙasa, ita kuma ta ja mayafi ta amsa tana kallon gefe. Duk wata magana da ta wuce gaisuwa, Umma ce ke kai ta ta dawo da amsa, ko da kuwa suna jin juna.

Iya ta yi kaɗi tun tana yarinya. Audugar gonarta take tsinkowa, ta gurje ta a kan dutse da ɗan ƙarfe har 'ya'yan su fita, ta shiɓe ta da ɗan baka ta yi laushi, sannan ta zauna bakin ƙofar ɗakinta da taskira, wato ɗan kwandon da take ajiye kayan aikin. Ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari, zare ya riƙa fitowa siriri sumul kamar ba hannu ke yi ba. Amma zaren da take kaɗawa a shekarun nan ba na sayarwa ba ne. Na likkafaninta ne, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Akwai wata tukunya a ƙuryar ɗakinta da take tara shi. Tsohon masaƙin garin ya gaya mata ranar da zaren ya kai wuyan tukunyar, ya isa a saƙa mata duk abin da za a suturta mace da shi. Matsalar ita ce yatsunta. Sun fara kumbura, gaɓoɓin suna ƙagewa, kowace shekara sai sun fi na bara tauri. Kullum in ta rufe tukunyar sai ta ce, “Allah ka ara mini yatsun nan har ta cika.”

Na taɓa tambayarta me ya sa ba za a sayo farin yadi a kasuwa ba kamar yadda ake yi wa kowa. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Ni da na tufatar da gida guda da hannun nan, a naɗe ni da yadin kanti? Uwata da zaren hannunta ta tafi, haka ma uwarta. Tashi ki ba ni wuri, uwar surutu.”

Sunan da ta sa mini ke nan, uwar surutu, kuma a shekarun nan ban taɓa jin ta kira ni da sunana na yanka ba. Mu jikoki ai kakarmu abokiyar wasanmu ce. Ina shiga gidan zan ɗaga murya in ce, “Tsohuwa, har yanzu kina nan? Yaushe za ki tafi mu ci gumba?” Ita kuma ta ce, “Sai na ga furfurarki, mai ƙafa kamar sillen kara.” A yi ta dariya. Har in leƙa tukunyar in ce ta yi sauri mana, yunwar gumba nake ji. Ba ta taɓa rasa amsa ba, kuma ba ta taɓa ɓata rai ba. Darasin nata ne kawai na ƙi jini. Zama wuri ɗaya ana murza tsinke? Ina! Da gangan nake tsinka zaren har ta gaji ta kore ni, in ruga wajen awaki.

Ina da shekara goma sha ɗaya, da bazara, Iya ta zo birni ganin likita saboda hannun nata, ta sauka a gidanmu. Ya yi daidai da lokacin fitarmu. Baba yana da al'ada, duk zangon karatu sai ya kai mu wani wuri mu gani da ido, mu dawo mu rubuta. Mun je marina, mun je tashar jirgin ƙasa, mun bi ganuwa da ƙafa yana nuna mana inda ta zube. Wannan karon gidan ajiye kayan tarihi ya shirya kai mu, a wani babban gari, tafiyar awa ɗaya da wani abu. Ya ce wa Umma ta tambayi Iya ko za ta so zuwa. Iya ta ce wa Umma ta ce wa Malam me zai hana. Ta ɗauro zanenta na saƙi mai ratsin baƙi, wanda ita ta kaɗa zarensa, ta zauna a bayan mota tsakanina da yayana, tana ta yi wa duk motar da ta wuce mu addu'ar sauka lafiya.

Da muka isa sai muka tarar da 'yan wata makaranta, sun kai talatin, cikin fari da shuɗi, a jere biyu-biyu da malamarsu. Ma'aikacin wurin ya ce mu haɗu ya zagaya da mu gaba ɗaya. Wata yarinya sa'ata mai jan kintinkiri a ka ta matso kusa da ni ta ce, “Ku wace makaranta ce?” Na ce ta gida. Ta ce, “Ta gida kuma?” Ta juya ta raɗa wa ta kusa da ita, suka dubi zanena, suka dubi Iya, suka toshe baki. Tun daga nan raina ya ɓaci. Muka wuce kawunan yumɓu da tsofaffin takubba da manyan ganguna, Baba yana ta cewa mu lura, ni kuwa ba abin da nake lura da shi sai yaran nan. So nake su san ni ba baƙauya ba ce, ni ma na iya magana.

A ɗaki na uku ne muka zo kan wani akwatin gilashi. A ciki ga taskira, ga ɗan bakan shiɓa, ga dutsen gurza da ƙarfensa, ga mazari da zare a jikinsa, da 'yar takarda an buga bayani da keken rubutu. Iya, wadda tun shigowarmu take tafe a baya tana salati, sai ta ratsa yaran ta zo ta kafa goshi a gilashin.

“Kai! Wa ya naɗa zaren nan? Ai a karkace yake. Ba mai kaɗi ba ce ta yi wannan.”

Ta fara laluben inda ake buɗe akwatin, wai ta gyara musu. Ma'aikacin ya ce cikin ladabi, “Iya, a yi haƙuri, ba a taɓawa.” Sannan ya juya ga yaran ya ci gaba da bayaninsa. Ya ce waɗannan su ne kayan da kakanninmu suke yin zare da su a zamanin da, yanzu an daina, inji ya karɓi aikin. Bawan Allah bai faɗi haka da mugunta ba, abin da yake faɗa kullum ne. Iya ta ce, “An daina? Wa ya daina?” Yaran suka fara murmushi. Ni kuwa na ga dama ta samu. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce:

“Iya, ai gidanki muka kawo ki. Malam ma'aikaci, buɗe gilashin a saka ta ita ma, a rubuta mata takarda!”

Ɗakin ya ɗauki dariya. Mai jan kintinkiri har da riƙe ciki. Wani yaro ya nuna zanen Iya, ya nuna wani irinsa da aka rataye a bango, aka sake fashewa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ƙwarai na ɗan lokaci. Na tsaya ina jiran amsarta, don na san za ta rama da wadda ta fi tawa zafi a sake yin dariya. Amma sai Iya ta janye hannunta daga gilashin, ta ja mayafi ta rufe zanen nata gwargwadon yadda zai rufu, ta koma bayan Umma ta tsaya. Na dubi Baba. Bai harare ni ba, kansa kawai ya sunkuyar, irin yadda yake yi in zai gaishe ta.

Muka dawo Zariya. Baba ba ya duka, bai taɓa ba. Washegari ya buga faranti kamar kullum, ya ce mu rubuta abin da muka gani. Na cika shafi biyu da labarin takubba da ganguna. Ya karanta, ya miƙo mini ba maki ba gyara, ya ce, “Kin bar abu ɗaya.” Nan fa na hau. Na bi Umma har madafa ina cewa ai wasa ne, me na yi? Kullum ina ce mata ta mutu mu ci gumba tana dariya, sai yau don na ce a sa ta a gilashi?

Umma ta ajiye muciya ta ce, “Gumba ai wasan gida ne, kuma mutuwa ita da kanta shirinta take yi. Ke kuwa a gaban bare kika tsaya kika taya su cewa aikin da ta ƙare rayuwarta a kai abin kallo ne. Kuma ba don ki sa ta dariya kika faɗa ba. Don su kika faɗa.”

Wannan ta ƙarshen ce ta soke ni, don gaskiya ce, kuma ban zaci wani ya gani ba. Bayan kwana biyu Iya ta koma ƙauye. Na yi niyyar ba ta haƙuri, girman kai ya hana ni. Na ce a raina kafin girbi ta manta.

Ba ta manta ba. Da muka je bayan damina, abin da na fara gani shi ne bakin ƙofar ɗakinta ba kowa, ba tabarmar kaɗi. Taskirar tana rataye can sama a jikin azara, yanar gizo ta hau ta. Na faki ido na shiga na ɗaga murfin tukunyar. Zaren yana kusan inda na san shi tun bara, saura kamar faɗin tafin hannu ya kai wuya. Wata shida cur ba ta murza mazari ba. Na ji tana gaya wa Umma a tsakar gida, da murya kamar tana zancen cefane, cewa in ta mutu a sayo yadi a kanti kamar kowa, kada a wahalar da kai. Ta ƙara da cewa masaƙin ma bana ce shekararsa ta ƙarshe, ɗansa zai ɗauke shi ya koma birni. A ranar na gane cewa in tukunyar nan ba ta cika a wata ukun nan ba, ba za ta taɓa cika ba, kuma bakina ne ya jawo.

Na je na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, “Me kika yi? Allah ya yafe mana gaba ɗaya.” Ta ɗebo gyaɗa ta ba ni. Sannan ta kira ni da sunana na yanka, ta ce in miƙo mata tsintsiya. Wayyo, da ma mari ta ba ni! Kwana da kwanaki tana yi mini magana a hankali kamar baƙuwa. Na gwada cewa, “Tsohuwa, ina gumbata?” Ta yi ɗan murmushi ta ce tana nan tafe, ta ci gaba da abin da take yi.

Baba bai goge kaɗi daga jadawali ba. Kullum bayan hantsi sai ya buga faranti, ya ce, “Lokacin kaɗi,” ya ɗauki littafinsa ya tafi gindin tsamiya a ƙofar gida. Yayana ya tafi gona. A bar ni ni kaɗai a tabarma, ba malama ba aiki. Rana ta farko na yi zaman haushi. Ta biyu na yi kuka. Ta uku na jawo turmi, na kife shi, na hau na sauko da taskirar. Na kakkaɓe ta, na samo ragowar audugar da aka shiɓe tun bara, na je na zauna daidai inda Iya take zama, ita kuwa tana can gefe tana ɓarar gyaɗa.

Ban iya ba. Shekara huɗu ana koya mini, ban ɗauki komai ba sai yadda ake tsinkawa. In na murza mazarin ya yi tsalle ya faɗi. In ya juya, zaren ya fito wani wuri kamar igiya wani wuri kamar gashi, ya tsinke. In ƙulla, in sake. Iya ta juya mini baya. Washegari na sake zama, haka ma jibi. Ina ganin kafaɗarta tana motsi duk lokacin da mazarin ya faɗi, amma ba ta waiwayo ba. A rana ta huɗu na samu ɗan zare mai tsawon hannu, na fara naɗa shi a jikin mazarin yadda na ga dama. Sai na ji tsaki, dogo, irin wanda na yi wata shida ban ji ba.

“Ke! Audugar nan laifin me ta yi miki? Haka kika ga ana naɗi? Kawo nan!”

Ta taso ta fizge mazarin, ta zauna, ta warware abin da na yi, ta dangwali alli, ta kama tsinken za ta murza. Yatsun suka ƙi. Ta sake gwadawa, mazarin ya yi juyi ɗaya ya kwanta. Ta gwada na uku, ya suɓuce ya gangara ƙarƙashin turmi. Wata shidan da ta yi ba ta aiki da su, gaɓoɓin sun ƙage gaba ɗaya. Ta ɗaga hannun tana kallonsa, gaba da baya, ta daɗe. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, har yau da na tsufa. Na rarrafa na ɗauko mazarin, na rasa wa zan miƙa wa.

Ta ce, “Zauna nan. Miƙo hannunki.”

Ta shafa mini alli a babban yatsa da manuni, ta ɗora hannunta mai kumburi a kan nawa, ta nuna mini inda ake sassautawa da inda ake ja. Ta ce kada in kalli mazarin, in saurari audugar a yatsuna. Da yamma Baba ya ce wa Umma ta tambayi Iya ko awa ɗaya ta isa darasin. Iya, tana zaune taku biyar daga inda yake, ta ce, “Ki ce wa Malam ɗalibar tasa daƙiƙiya ce, sai an ba ni safiyar gaba ɗaya.” Baba ya tashi ya goge Turanci da lissafi daga layina, ya rubuta kaɗi tun daga sama har ƙasa.

Haka muka yi sauran watannin. In na gama shara da rijiya, in zauna. Ita ke zaɓar audugar, ni ke gurza da shiɓa da kaɗi, tana kaina kamar shaho. “Ja a hankali, ba akuya kike ja ba!” “Uwar surutu, rufe baki ki buɗe yatsu!” Ranar da sunan nan ya dawo bakinta, na sunkuyar da kai don kada ta ga ina murna. Yatsuna suka yi kanta, bayana ya yi ciwo, sau biyu na jefar da mazarin na ce na fasa, sau biyun kuma na je na ɗauko abina ba wanda ya roƙe ni. A nan ne ta ba ni labarin yadda ta koya a wajen uwarta, da rigar da ta kaɗa wa kakanmu zarenta shekarar da aka haifi Umma, da yadda ake gane audugar da ruwa ya taɓa tun tana gona. Duk wannan ba ya cikin 'yar takardar nan ta gilashi. Shekaru da yawa bayan haka, Baba da kansa ya ce mini shi ma yana da nasa laifin. Ya ce ya tuƙa mota awa guda don ya nuna mana ilimi a cikin akwati, alhali mai ilimin tana zaune a kujerar baya.

Saura kwana tara mu koma birni zaren ya kai wuyan tukunya. Muka ɗauka ni da Umma, Iya tana biye, muka kai wa masaƙin a rumfarsa. Tsoho ne mai raha. Ya riƙa ɗaga zaren ɗaya-ɗaya yana yabawa, har ya zo kan nawa, waɗanda suke sama. Ya murza a yatsa, ya ɗaga gira.

“Wannan kuma na wa ne? Iya, in igiyar ɗaure tunkiya kike so, ai da kin faɗa.”

Ya ce a cire shi, zai cike gurbin da zaren kanti, ba mai ganewa. Iya ta ce ita za ta gane. Ta ce ya saƙa shi daban, kada ya gauraya da nata ya ɓata mata aiki. Haka aka yi. Da saƙar ta fito, nata fari sumul, nawa kuwa guntu ne mai kaushi, duk ƙulli-ƙulli. Ta shafa shi a kumatunta ta yamutsa fuska ta ce, “Wannan ai hana ni barci zai yi a kabari.” Na ce ai gara haka, kada ta yi nauyin barci. Aka yi dariya, ta naɗe komai ta sa a akwati. Ni a zatona za ta sa nawa daga can waje ne, ko ta yi wani abin da shi. Ban sake tambaya ba.

Bayan shekara biyu na ci jarrabawa na tafi sakandaren kwana, na sa fari da shuɗin da na daɗe ina kwaɗayi, na tarar tufa ce kamar kowace tufa. Iya ta ƙara shekaru tana zaune bakin ƙofarta, hannun bai sake murza mazari ba, bakin kuwa bai rage komai ba. Duk hutu in na je sai na ɗan yi mata kaɗi tana kushewa.

Ina aji huɗu, a farkon shekarun casa'in, ta rasu da hantsi ana tsakiyar girbi. Baba ya zo makaranta ya ɗauke ni, muka isa kafin a yi mata sutura. Ina tsaye a ɗakin Umma ta buɗe akwatin. Ashe tuntuni Iya ta sa an yanka an ɗinka komai, an ninke kowanne daban, zane da riga da mayafai. A can sama, shi kaɗai, ga guntun nan mai ƙulli-ƙulli, an yi masa kalmasa a baki. Kallabi ne, wanda ake rufe wa mace kai da fuska da shi.

Na ce, “Umma, ba wannan ba. Zai yi mata kaushi. A sa mai laushin.”

Umma ta ce, “Ita ta sa aka yi haka. Ta ce a kanta za a sa, in ya dame ta da ƙaiƙayi ta san wadda za ta yi wa faɗa.”

Da shi aka rufe mata fuska.

Ranar sadakar uku aka daka gumba. Jikoki suka cika tsakar gida suna wawaso, wannan ya ɗaura tsohon zanenta yana kwaikwayon tafiyarta, wancan yana kwaikwayon tsakinta, manya suna dariya suna share hawaye, yadda ake yi wa tsohuwar da ta cika kwanakinta. Ni da na fi kowa zancen gumbar nan, na kasa tashi. Na zauna a bakin ƙofar ɗakinta, taskirar tana cinyata. Sai ga ƙanwar Iya, wata tsohuwa da ba ta cika magana ba, ta zo da ɗan ƙoƙo a rufe da faifai ta ajiye a gabana.

Ta ce, “Ta bar saƙo a cire miki naki daban kafin yara su taɓa. Ta ce a ba uwar surutu babban curi, ta daɗe tana jira.”

Na buɗe faifan. Na gutsura na kai baki, hawaye yana zuba a cikin ƙoƙon, na yi ta ci har na cinye tas.